Masai ma da awonsa: abin da ke hana tsofaffi, masu jiki da naƙasassu shiga makewayi

Kowace shekara, ranar 19 ga watan Nuwamba, duniya na tunawa da ranar makewayi, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2013. Mako biyu bayan haka, ranar 3 ga Disamba, sai ranar naƙasassu ta zo. A nan Nijar duka biyun muna yin su: a kafa rumfa, a yi jawabai, mu ƴan jarida mu ɗauki murya, a watse. Amma da wuya ka ji wanda ya haɗa ranakun nan biyu ya yi tambayar da ke tsakaninsu. Makewayin da ake ta kiran jama'a su gina, wa ke iya shiga cikinsa, wa kuma ke tsayawa a bakin ƙofa?

Mun san magana ce mai nauyi a baki. Bahaushe ko sunan wurin bai son kamawa, sai ya ce bayan gida, ko ya ce zai kewaya, ko zai kama ruwa. To amma duk wanda ya taɓa jinyar mahaifi ko kaka ya san inda wahalar take. Ba da abinci da magani mai sauƙi ne. Wurin nan da ba a son faɗi, nan ne ake shan ta. Dattijon da ya shekara 70 ba wanda ya taɓa ganin gwiwarsa, yau ga shi sai ɗansa ya tallabe shi a kan rami. Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye kunya gefe guda mu yi bayanin abin dalla-dalla.

A Amurka da Turai akwai kamfanonin da ke ƙera masai na musamman, mai tsawo, mai faɗi, mai ƙarfi, domin dogaye da masu ƙiba da naƙasassu. Da muka fara jin labarin dariya muka yi, muka ce wannan ai ƙoshi ne, mu nan ramin ma bai wadata ba. Sai da muka duba dalilansu muka ga abin ya shafe mu kai tsaye. Abin da suka gano shi ne masai yana da awo kamar takalmi. In bai yi daidai da jikin mai shi ba, cutar da shi yake.

Abin da Turawa suka auna

Mu fara da masai na zama, irin na tangaran da ake gani a otel-otel da ofisoshi da gidajen masu hali a Yamai ko Maraɗi, wanda wasu ke ce wa wese. Wanda aka saba sayarwa, daga ƙasa zuwa mazauninsa wajen santimita 40 ne, faɗin mazaunin kuma wajen 36. An yi wannan awo ne da tunanin mutum matsakaici, mai lafiyar ƙafa, bai cika tsawo ba, bai cika jiki ba. Mutane da yawa kuwa ba haka Allah Ya yi su ba.

Mu ɗauki dogo. Ɗan wasanmu na taekwondo, Abdoul Razak Issoufou Alfaga, wanda ya kawo mana lambar azurfa daga Rio a 2016, tsawonsa ya haura mita 2, kuma dogaye ba su yi mana ƙaranci a ƙasar nan ba. Mai irin wannan tsawo in ya zauna a kan abu mai santimita 40, gwiwoyinsa sun ɗara ƙugunsa, tamkar wanda aka miƙa wa kujerar tsuguno ta mata. In matashi ne, zai miƙe ba tare da ya ji komai ba. To a ce dogon ya kai shekara 65, gwiwa ta fara ƙara, cinya ta yi sanyi. Zama dai zai zauna, ko da faɗawa ne. Tashin ne aiki, domin gwargwadon yadda mazauni ya yi ƙasa, gwargwadon nauyin da ke hawa kan gwiwa lokacin miƙewa. Ƙarin santimita 5 ko 8 kawai kan raba mai tashi da kansa da mai jiran a zo a ɗaga shi.

Wannan ne ya sa aka sanya awon cikin doka. A Amurka, dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ta haifar da ƙa'idar cewa masai na naƙasassu a wuraren jama'a ya kasance tsakanin santimita 43 da 48. A Faransa, bayan dokar 11 ga Fabrairu 2005, awon shi ne 45 zuwa 50. Ba a zaɓi lambobin nan da ka ba. Mazaunin keken guragu kusan nan yake, saboda haka mai keke na iya matsowa gefe ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da ya hau ko ya gangara ba. Ƙa'idar Faransa ta ƙara da ƙarfen dafawa a bango, tsakanin santimita 70 da 80 daga ƙasa, da fili a gefen masai mai santimita 80 a faɗi da 130 a tsawo inda keke zai tsaya, da wurin juyawa mai faɗin mita ɗaya da rabi.

Sai masu jiki. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba mai yawa, wato sama da mutum biliyan ɗaya. A Amurka abin ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na manya. A can ana sayar da mazauni mai faɗin santimita 48, don kada gefensa ya riƙa cin naman mutum, kuma ana ƙera wa asibitoci masai mai ɗaukar kilo 450, wanda ake kafawa a ƙasa maimakon a rataye shi jikin bango, wani ma na ƙarfen da ba ya tsatsa. Dalilin ƙarfin shi ne tangaran ba ya lanƙwasawa ya ba ka gargaɗi. Fashewa yake farat ɗaya, kuma ɓaraguzansa na yanka kamar fasasshiyar kwalba. A nan bari mu ja kunnen ƴan uwanmu masu hawa kan wese da ƙafa biyu su tsuguna, wai don gudun najasa. Mun fahimci dalilin, amma wallahi ganganci ne, ba a yi abin don ɗaukar nauyi ta haka ba. Ban da ƙarfi, mai jiki yana buƙatar a nesanta masan da bango, don ya samu buɗe ƙafa ya yi tsarki, in kuma maras lafiya ne masu taimako biyu su samu wurin tsayawa dama da hagu.

A Birtaniya sun ƙara gaba. Tun 2006 aka fara fafutukar gina wani irin makewayi mai suna Changing Places, mai faɗin murabba'in mita 12, da gado mai hawa da sauka wanda babban mutum zai iya kwanciya a kai, da na'urar ɗaga mutum daga keke. Abin da ya jawo shi shi ne iyaye masu manyan ɗiyan da ba su iya zama da kansu, waɗanda kan shimfiɗa su a ƙasan ban-ɗakin kasuwa su sauya musu ƙunzugu. Daga Janairun 2021 ya zama dole a manyan sababbin gine-ginen jama'a na Ingila.

Mu da muke tsuguno fa?

Wani zai ce, to duk wannan ina ruwan mutumin Dakwaro ko Magarya? Gaskiya ne matsalarmu ta fi tasu zurfi. Ƙididdigar UNICEF da OMS ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na ƴan Nijar a fili suke biyan buƙata, muna cikin ƙasashen da abin ya fi yawa a duniya. Tun 2009 ake gudanar da shirin ATPC, wanda ke zaburar da mutanen gari su haƙa masai da kansu su daina zuwa daji, kuma garuruwa da dama sun amsa. Amma fa a nan ne zancen awo ya fi muhimmanci, domin yanzu ne muke ginawa. Wanda bai riga ya gina ba ya fi wanda zai rushe ya gyara sa'a.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu naƙasassu kashi 4,2 cikin 100 a Nijar, sama da mutum dubu 700. OMS kuwa na ƙiyasta kashi 16 cikin 100 a duniya baki ɗaya. Ko wace lamba muka ɗauka, ba ta ƙirga mai cikin wata takwas ba, ko wadda aka yi wa fiɗa wajen haihuwa, ko saurayin da ya karye a kan kabu-kabu aka ɗaure masa ƙafa wata biyu, ko tsohuwar da ba ta ɗauki kanta naƙasasshiya ba, gwiwa ce dai ta ƙi. In aka haɗa da masu shan inna, da waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa, da makafi, da kutare, sai ka ga da wuya a samu gidan da abin bai taɓa ba.

Kada a fahimce mu a karkace, tsuguno ba laifi ba ne. Ga mai lafiyar ƙafa ma ya fi zama. Wani likita a Isra'ila, Dov Sikirov, ya wallafa bincike a 2003 inda ya gwada mutane a tsugune da a zaune: a tsugune ƙasa da minti guda suke gamawa, a zaune wajen minti biyu, da ƙarin yunƙuri. Tsuguno na miƙar da ƙarshen hanji ne, abu ya fita ba gardama. Har ta kai Turawan da suka saba da zama yanzu suna sayen ɗan abin taka ƙafa don gwiwarsu ta ɗago. Saboda haka ba muna cewa a fasa ramukanmu a sayo tangaran ba ne, balle a inda ruwan sha ma sai an yi layi a pampo. Magana ce ta wanda tsugunon ya gagara.

Shi kuwa wanda ya gagara, me yake yi? Abu na farko, rage ci da sha. Tsofaffi da yawa haka suke yi a ɓoye, don kada su dami kowa. A ce maka Inna ba ta son tuwon dare, ba ta son fura, alhali lissafi take yi. Mutumin da ke ƙin shan ruwa a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da Tawa da Ƙonni ke haura digiri 40, kansa yake kaiwa ga taurin bayan gida, da basir, da ciwon mafitsara, wani lokaci har ƙoda. A kai shi likita a sayi magani, ba wanda ya kawo cewa asalin ciwon yana bayan ɗaki.

Na biyu, rarrafe. Mai shan innar da ke tafiya da hannu, kekensa mai ƙafa uku ya fi ƙarfin ƙofar makewayi, dole a waje yake barinsa. Daga nan da tafin hannu zai shiga, a kan daɓen da mutum goma suka jiƙa kafin shi. Da hannun nan zai dawo ya ci tuwo. A jihar Maraɗi, wadda ta ga kwalara a 2018 ta sake ganinta a 2021, ba sai an yi wa kowa dogon bayanin abin da hakan ke nufi ba.

Na uku, dogaro da wani. A gidajenmu yawanci mata ne ke wannan ɗawainiya: ɗiya, ko mata, ko matar ɗa. Ka duba irin kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa, wadda ko sunansa ba ta faɗi, ko haɗa ido ba su yi. A ce yau ita ce za ta riƙe shi a makewayi saboda maza sun tafi gona ko cin rani. Dattijai da yawa sun gwammace su matse tun safe har magariba. Ita ma mai ɗagawar, bayanta ne ke biya.

Abin da za a iya yi a gida

Kafin a kira magini, a fara da tambayar mai abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Namiji ya keɓe da namiji, mace da mace, a yi ta cikin ladabi: "Baba, wanne ya fi ba ku wuya, tsugunawa ko tashi?" Amsar ce za ta nuna abin da za a gina. Wani abin dafawa kawai yake so. Wani sai mazauni. Wani kuwa hanyar zuwa wurin ce ta gagare shi.

In mazauni ne, ga yadda ake awo. Mutum ya zauna a kan kujerar da ya fi jin daɗin tashi daga kanta, tafin ƙafarsa a shimfiɗe a ƙasa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa. Wannan ne tsawon da ya dace da shi, ko a ɗan ƙara kaɗan in tashi ne ke ba shi wuya. A nan ne mutane ke kuskure, suna zaton mafi tsawo shi ne mafi kyau. A'a. Gajeriyar tsohuwa in aka ɗora ta a kan santimita 50, ƙafafunta na lilo, ba ta da madafa, cinya ta yi mata tsami, bayan gidan ma ya ƙi zuwa. In mutum biyu ne za su yi amfani da shi, dogo da gajere, a yi awon dogon, a ajiye wa gajeren bulo ya taka. Shi kuwa mai rarrafe, akasin abin da Turawa suka rubuta yake buƙata. Su sun auna ne da mai keken da ke shiga har ciki. Namu daga ƙasa yake tasowa, saboda haka mazauni gajere yake so, wanda zai iya hawa da ƙarfin hannunsa, ya dai raba jikinsa da ƙazantar bakin rami.

Da me za a yi shi? Mafi sauƙi, kujerar katako da kafinta zai huda wa tsakiya, a ɗora a kan rami in za a shiga, a janye in an gama, sauran mutanen gida su ci gaba da tsugunonsu. A shafa mata fenti mai mai don ta wanku. Mai walda ma na iya yin ta da ƙarfe, da hannuwa biyu na dafawa. Wasu kan yanka kujerar roba, kuma tana aiki na ɗan lokaci, amma mu dai ba mu ba mai jiki shawararta ba. Ranarmu na gasa roba ta yi ƙwari, ga shi an rage mata ƙarfi da yanka, ranar da za ta watse ba ta sallama. Kujerar katako ko ta ƙarfe tana da wani amfanin: da dare a shigo da ita ɗaki a sa bokiti mai murfi a ƙarƙashi, tsoho ya huta da fita cikin duhu ko sanyin hunturu.

In ana son abu mai ɗorewa, sai gini. Magini ya tayar da ƴan bulo biyu, ɗaya dama da rami ɗaya hagu, ya shafe su da siminti sumul, ya kashe musu kaifin gefe, ya bar tsakiya a buɗe. Wannan buɗewar ta gaba ita ce sirrin abin a wurinmu, domin mu da ruwa da hannun hagu muke tsarki, dole hannu da bakin buta su samu hanya. Masan Turawa da yawa sun kasa mu ta nan, an yi su ne domin masu takarda. Ga mai jiki sai a faɗaɗa bulon a ƙara tazara da bango. In ramin ba mai bututun fitar da iska ba ne, a yi masa murfi saboda ƙuda da wari.

Amma kafin a ɗora komai a kai, a duba abin da ke ƙarƙashi. Masai da yawa a karkara itace ne aka gicciya aka yaɓe da ƙasa. Gara na ci daga ciki, damana na jiƙa bakin ramin, musamman a ƙasa mai rairayi irin ta kewayen Maraɗi, ko bayan ambaliya irin ta 2024. A ɗora ginin siminti, a ɗora mutum mai kilo 120, wataƙila da mai riƙe shi, a kan ruɓaɓɓen itace, Allah Ya sawwaƙe. Sai an zuba dal na siminti da ƙarfe a ciki, wanda ya zarce bakin ramin ta ko'ina, an kuma ɗaure bakin da bulo. Kuɗin simintin Malbaza da za a kashe a nan bai kai na ɗorin karaya ba.

Abin dafawa shi ne mafi arha, kuma shi ya fi ceton mutane. Bututun ƙarfe da aka dasa cikin siminti, ko ƙaƙƙarfan itace da aka binne sosai a gefen rami, ko igiya mai ƙulli-ƙulli in akwai rufi mai ƙarfin ɗaukar mutum. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa tsohon da har yanzu yake iya tsuguno ya ci gaba da abinsa. A kula da ɓangaren da za a sa shi: wanda hannun damansa ya shanye, a hagu yake son sa. Kada kuma a dogara da ƙusa a bangon laka.

Ƙofa ta kai santimita 80, gara ma 90, ta kuma buɗe waje. Dalili shi ne in mutum ya faɗi a ciki, jikinsa ne zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, a rasa yadda za a kai gare shi. A cire dokin ƙofa. Sakata ta zama babba, wadda mai dungun hannu zai iya turawa da gefen hannunsa. Daɓe kada ya yi santsi. Karo mai ƙyalli yana da kyau a ido, amma in ya haɗu da ruwan sabulu da sandar dogarawa, to sai dai addu'a. A ɗan karkata daɓen ruwa ya riƙa gangarawa rami ko magudana, wurin ya bushe. Buta a ɗora ta a kan ɗan tudu inda hannu zai kai daga zaune. Ga makaho, igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa ta makewayi, da matakan ƙafa masu ɗan tudu da zai lalubo da ƙafarsa ya san inda ramin yake, sun wadatar, muddin yara ba su kwance igiyar sun yi lilo da ita ba.

Lakwal, likita, tasha da masallaci

A gida, iyali ne ke da iko. A wuraren jama'a kuwa magana ta koma kan hukuma da masu gini. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, wadda sashenta na 9 ya wajabta a sauƙaƙe musu shiga gine-ginen jama'a, sannan a Disambar 2019 aka yi dokar ƙasa kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ta daɗe tana wannan kira. Rubutu dai akwai shi.

Abin da muke gani da idonmu daban ne. Sau nawa muka ga sabon jerin makewayin lakwal, an ɗaga shi sama da matakala uku ko huɗu saboda ruwa, ƙofofi ƴan ƙanana? Yarinya mai keke da ta kai aji biyar ko shida, jikinta ya fara sauyawa, ba za ta yarda ƙawaye su riƙa ɗaukarta ba. Ko ta wuni ba ci ba sha, ko ta zauna gida. Mushe ya rubuta ta bar lakwal, ba a rubuta dalili ba. Wani wurin kuma an yi gangaren hawa don a ce an yi, amma tsayuwarsa ko jaki sai ya yi tunani. Ƙa'idar Amurka ita ce duk hawan santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12, ta Faransa ma ta fi haka kwanciya. Ke nan in daɓen ya ɗaga santimita 30, gangaren bai kamata ya gaza mita 3,6 ba, da ɗan fili shimfiɗaɗɗe a bakin ƙofa inda keke zai tsaya a buɗe ta ba tare da ya koma da baya ba.

Masu kwangila kan ce tsada. Cibiyar WEDC ta jami'ar Loughborough a Ingila ta yi lissafin makewayin makarantu a Habasha, ta samu cewa in tun farko aka tsara shi, ƙarin kuɗin bai kai kashi 3 cikin 100 na kuɗin ginin ba. Ɗaki guda ne cikin jerin za a faɗaɗa, a sa masa mazauni da ƙarfe da gangare. Tsadar tana zuwa ne in an gama sannan aka ce a fasa.

Wurin da abin ya fi ba mu mamaki shi ne likita. Nan ne matattarar duk wanda tsuguno ya gagara: mai jego, mai ɗinki a ciki, mai ƙarin ruwa a hannu, tsohon da gudawa ta kayar. Amma sau da yawa makewayin irin na masu lafiya ne. Sai masallaci. Addini ya yi wa maras lafiya rangwamen yin salla a zaune, kuma yau kusan kowane masallacin Juma'a akwai kujeru a gefen sahu domin dattijai. To dattijon da aka ba kujera a ciki, me ya sa a wurin kama ruwa aka bar shi da tsuguno? Kwamitin da ya iya tara kuɗin lasifika da fanka zai iya tara na ɗaki guda mai mazauni da ƙarfen dafawa. Haka tashoshin mota, inda mai tafiya daga Damagaram zuwa Yamai, kilomita kusan 900, ke wuni a hanya. Ana karɓar kuɗin shiga makewayi a hannun kowa, har da wanda da rarrafe zai shiga.

Akwai kuma matsalar bayan gini. Mun taɓa shiga wata ma'aikata inda aka yi ɗakin naƙasassu mai kyau, da alamar keke a ƙofa. A kulle yake. Da aka nemo mai gadi ya buɗe, tsintsiya da bokitai da buhunan takardu ne a ciki har bakin ƙofa. Hujjarsu ita ce in an bar shi a buɗe kowa ne zai shiga ya ɓata, kuma ba ƙarya suka yi ba, don kowa na son ɗakin da ya fi faɗi da tsabta. Birtaniya ma ta sha wannan, sai ta fito da makulli iri ɗaya da ke buɗe dubban makewayin naƙasassu a faɗin ƙasar, mai buƙata ya riƙe nasa a aljihu. Mu ba mu kai nan ba tukuna. A lakwal dai ana iya ba ɗalibin da abin ya shafa makulli nasa na kansa, ɗaya kuma ya zauna wurin darekta. A tasha da kasuwa ya kasance a hannun mai karɓar kuɗin ƙofa, wanda ba ya barin wurin. A likita kuwa, inda buƙatar ba ta da dare ba ta da rana, gara a cire kwaɗon gaba ɗaya a sa ɗakin cikin aikin mai shara na safe da na yamma.